Hannun Kanakamma

Shafi na 14

Ku yi haƙuri da shiruna na kwana uku, 'yan uwa. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in na sake barin Haima a tsaye bakin murhu za ta biyo ni har gida. To ga ta nan inda muka bar ta, safiyar da za a fara suyar ariselu, wainar nan ta garin shinkafa da mazarƙwaila, guda ɗari takwas na garar 'yar Vasundhara garu (garu ɗin nan kalmar girmamawa ce a wajensu), aiki mafi girma da ta taɓa samu tun da ta buɗe 'yar rumfarta a garin Tanuku.

*

Mazarƙwaila ta fara narkewa a babban kasko ke nan, Nagamani mai taya ta aiki ta faɗo rumfar da gudu, gefen sarinta na sharar ƙasa.

“Haimamma! Farar motar nan ce!”

“Wace farar mota?”

“Motoci nawa kika sani masu shigowa lungun nan? Uwar amarya ce da kanta, ga ta can tana tsallake kwata!”

Ba yau suka yi da matar ba, jibi suka yi, kuma direba aka ce za a turo.

Haima ta juya za ta yi wa Kanakamma, tsohuwar da ke kama mata mazarƙwaila, magana, sai ta ga wayam. Ludayi na jingine a bakin kasko yana ɗiga, ƙofar ɗakin ajiyar shinkafa kuma tana rufuwa a hankali.

Abin nan ya daɗe yana ɗaure wa Haima kai. Wata biyar ke nan da tsohuwar ta zo neman aiki ta ƙofar baya, da farin sarinta, ba awarwaro a hannu, ba jan ɗigo a goshi, duk wanda ya gan ta ya san miji ya mutu ya bar ta. Haima kuwa ta san halin mutanen garinsu, ba mai yarda irin wannan hannun ya taɓa kayan aure, wai kada rashin sa'arta ya bi amarya ɗakin miji. Don haka ɓuya ba sabon abu ba ne a rumfar, duk mai sayen da ya zo Kanakamma takan ja jiki ta koma bayan buhuna tana mita. Amma na farar motar nan daban ne. Ko ƙarar injin ta ji, sai ta shige ɗakin ajiya ta sa sakata. Sau biyu Haima na tambayarta dalili, sau biyu tana ce mata, “Duba wutarki, 'yar nan.”

Haima ta manna bakinta jikin ƙofar, ta kira ta da sunan da ta saba, Peddamma, wato babbar uwa.

“Peddamma, mazarƙwailar fa? Wa zai kama ta?”

“Ke mana.”

“Ni ban iya ba!”

“Wata biyar kina tsaye a kaina kamar mai gadi.”

“Kallo nake yi, ba iyawa na yi ba. Don girman Allah ki fito.”

“Ki saurari kumfar. In ta daina surutu ta fara numfashi, ki sauke.”

Daga nan ba ta ƙara jin ko motsinta ba.

Ku da ba ku taɓa yi ba, ku sani duk wahalar ariselu a wannan ɗan lokacin take. In aka sauke ruwan mazarƙwaila bai kai ba, ƙullin ya watse a cikin mai. In ya wuce, a samu abin da sai an sa guduma. Ga garin shinkafar da suka daka tun asuba, da danshinsa ake aiki da shi, rana na yi ya bushe shi ke nan an yi asara. Kuma ba asarar gari kaɗai ke gaban Haima ba. Surukinta ya riga ya faɗa a gaban kowa, in aikin bikin nan bai yi kyau ba, rumfar za ta koma hannun wani mai neman wurin ajiye takin zamani, ita kuma ta koma madafin gida inda ya ce can ne wurin matar ɗansa.

Vasundhara garu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta shigo. Mace ce mai jiki, sarin alharini, gwal a wuya da kunne, jan ɗigon goshinta kamar kwabo. Haima ta haɗa tafukanta ta gaishe ta, amma matar ba fuska take kallo ba. Wuya take dubawa ta ga zaren aure, ta sauko hannu, ta sauko har yatsun ƙafa tana neman zoben azurfa, alamun mace mai miji a raye.

Nagamani ta ɗaga hannu biyu ta kaɗa awarwaronta, cas cas cas.

“Nawa mijin yana nan da ransa, garu. Ba ya dai tsinana komai ne, amma yana numfashi.”

Ko murmushi matar ba ta yi ba.

“Ku biyu ne kawai a nan?”

“Mu biyu ne,” in ji Haima, tana jin ƙaryar na ƙona mata harshe.

“Kofin gahawa uku nake gani a can.”

“Ni ke shan biyu,” Nagamani ta cafe. “In ban sha biyu ba sai in ta ganin mijina a ko'ina.”

“Kin dai tuna sharaɗinmu, Haimavati. Duk hannun da zai taɓa garar 'yata, na mace ne mai miji a raye.”

“Na tuna, garu.”

“To ci gaba da aikinki kamar ba na nan. So nake in ga yadda kike kama ruwan.”

Ta jawo 'yar kujera ta zauna dab da murhu, duk hayaƙin da zafin bai dame ta ba. Wannan ma ya ƙara ɗaure wa Haima kai. Me mace irin wannan take nema a bakin kasko, ita da ko ruwan sha sai an miƙo mata?

Haima ta ɗauki ludayi ta fara juyawa. Ta kasa kunne wai ta ji kumfa na numfashi. Ita dai abin da take ji shi ne bugun zuciyarta. Ta ɗiga kaɗan a kofin ruwa, ta sa yatsa, ya narke. Ta jira. Ta sake ɗigawa, ya ɗan haɗu, amma ta kasa gane ko ya kai ko da saura.

Sai aka yi tari daga ɗakin ajiya. Sau ɗaya, a taƙaice.

Haima ta gane, yanzu ne. Ta kai hannu za ta ɗauki tsumman sauke kasko.

“Wa ke tari a can?” in ji Vasundhara garu.

Hannunta ya tsaya a iska.

“Kyanwa ce, garu,” in ji Nagamani. “Mura take fama da ita tun shekaranjiya.”

“Kyanwa.”

“Tsohuwa ce, ta ga duniya.”

Vasundhara garu ta daɗe tana kallon ƙofar. Haima kuma ta daɗe tana kallon Vasundhara garu, ta manta da abin da ke kan wuta. Sai da ƙamshin ya fara sauyawa ta zabura.

“Ayyo! Nagamani, kama min!”

Suka sauke, suka zuba man shanu, Nagamani na zuba gari Haima na tuƙawa da dukan ƙarfinta. Tun a muciya ta san an samu matsala, ƙullin ya yi mata gardama kamar tuwon jiya. Ta dai yi ta maza ta gutsuro, ta faɗaɗa shi a kan ganyen ayaba, ta barbaɗa riɗi, ta saka a mai. Ya soyu ya yi ja, ta tsamo ta matse man, ta ɗora a faranti ta miƙa da hannu biyu.

Matar ta bari ya huce. Ta gwada karyawa, ya ƙi. Ta ƙwanƙwasa shi a bakin farantin, ya ce ƙwas.

“Wannan sai dai a jefi birin da ya hau kwakwa,” Nagamani ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Haima ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, tana jiran a ce mata an fasa. Amma muryar da ta ji a sanyaye take.

“Ba hannunki ba ne wanda na ɗanɗana watan jiya.”

“Garu, wutar ce yau ta...”

“Bar wuta ta huta. Zauna, yarinya.”

Haima ta zauna a kan turmin da ke kife.

“Kin taɓa tambayar kanki me ya sa na tsallake manyan shagunan Rajahmundry, masu gilashi da na'urar sanyi, na zo lungun da motata ke goga bango?”

Ai kuwa ta tambaya. Tun ranar da aka ba ta aikin take tambayar kanta, har mijinta ya ce ta daina bincike kada ta kori sa'arta.

“Na yi ta mamaki, garu.”

“A gidan wata ƙawata aka miƙo min naku. Na gutsura sau ɗaya, sai da na nemi wurin zama. Busasshiyar citta, wannan kowa na sawa. Amma masoro? Duk faɗin yankin Godavari mace ɗaya na sani mai daka masoro ta zuba a ruwan mazarƙwaila.”

Nagamani ta buɗe baki za ta yi magana, Haima ta harare ta, ta rufe.

“Wace ce ita?” Haima ta tambaya, don yanzu son sani ya fi tsoron ƙarfi.

“Matar yayana, Vadina nake ce mata. Ina 'yar shekara shida uwarmu ta rasu, ita ta raine ni. Ita ke min kitso, ita ke raka ni makaranta. Tun ina ƙarama take ce min, Chinni, ranar aurenki ba mai taɓa kaskon ariselu sai ni.”

Ta jujjuya abin da ke hannunta.

“An sa min rana ke nan maciji ya sari yayana a gonar shinkafa. Aka fasa mata awarwaro, aka goge mata goshi, aka ɗaga bikin shekara guda. Da lokaci ya zo, gwaggonninmu suka ce ko inuwarta kada ta gitta madafi.”

“Sai ta haƙura?”

“Ita? Garken shanun maƙwabta ta je ta haɗa murhu, ta soya nata kwando guda, ta cusa cikin na sauran. Ba wanda ya sani.”

“To ya aka yi aka gane?”

Vasundhara garu ta ɗago. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

“Ni na tona.”

“Ke?”

“Ba da mugunta ba. Ana ta hidima, mata cike da tsakar gida, na ɗauki ɗaya na gutsura. Daɗi ya kwashe ni, na ɗaga murya na ce, kai, wannan ai na Vadina ne! Wurin ya yi tsit.”

“Ayyo,” in ji Nagamani, wannan karon ba wasa a muryarta.

“Kwando goma sha biyu, duka aka kwashe aka juye a magudanar ruwan gona, don ba a san wanne ta taɓa ba. Kafin azahar an ɗaure mata kayanta an kai ta tasha. Ina tsaye a taga da lalle a hannuna ina kallo. Ko kalma ɗaya ban ce ba, ina tsoron kada a fasa aurena. Shekara ashirin da huɗu ke nan.”

Haima ta ji tausayi ya kama ta, amma har da haushi a ciki.

“Kuma kin ci, garu. Kin ci abin da ta soya.”

“Na ci. Ga ni nan, mijina ko asibiti bai taɓa kwana ba.”

“To don me kika kafa min wannan sharaɗin?”

“Ba ni ba ce. Uwar ango ce, Padmavati garu. Ita ko fita za ta yi ta haɗu da mai farin sari a hanya, komawa gida take ta sake wanka.” Ta ajiye farantin a ƙasa. “Haimavati, zan tambaye ki sau ɗaya. Ku nawa ne a rumfar nan?”

In Haima ta ce uku, ta amsa da bakinta cewa ta karya sharaɗi, kuma wa ya sani ko duk labarin nan tarko ne? In ta ce biyu, ga shaida nan a faranti, ita kaɗai ko ɗaya mai kyau ba za ta fitar ba, balle ɗari takwas. Ta dubi garin da ya rage a cikin daro, gefensa har ya fara fari.

“Ƙarya na yi miki, garu. Mu uku ne. Kuma duk abin da aka taɓa yabo daga rumfar nan, ba hannuna ba ne.”

Ta tashi ta je bakin ƙofar ajiya.

“Peddamma, ki yafe min. Na gaji da jin ana kiran ki kyanwa.”

Can sai sakata ta motsa.

Kanakamma ta fito tana kakkaɓe ƙurar buhu daga sarinta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, duk ta bushe, amma a miƙe take tsaye. Ta ƙare wa baƙuwar kallo daga sama har ƙasa.

“Kin yi ƙiba, Chinni.”

“Vadina...”

Matar nan da gwal ɗinta da alharininta ta zube a kan simintin da ya sha mai, ta kai hannu za ta taɓa ƙafafun tsohuwar. Kanakamma ta ja da baya.

“Kul. Uwar amarya ce ke, saura kwana shida. Kada ki ja wa 'yarki.”

“Vadina, kada ki min haka. Na neme ki. Na aika ƙauyenku aka ce kin bar can.”

“Aikawa kika yi.”

Vasundhara garu ta fashe da kuka, irin na yara, har da shessheƙa. Nagamani ma ta ja gefen sari tana share hanci. Haima dai tana tsaye, ta ma rasa wanda za ta fi tausaya wa.

Da kukan ya lafa, matar ta miƙe ta goge fuska.

“Ke za ki yi wa 'yata. Dama haka ya kamata. Aikin na nan, Haimavati, har na ƙara miki da na ranar kai amarya. Vadina ta soya, ku ku kai, ba wanda zai sani. Daga ni sai ku.”

Wani sanyi ya ratsa Haima har ƙafa. Rumfa ta tsira! Har ta fara hango fuskar surukinta.

“A'a,” in ji Kanakamma.

Duk suka juyo.

“Wancan karon ma haka na yi. Ba wanda zai sani.”

“Peddamma...”

“Ke yi shiru, 'yar nan, ba da ke nake ba. Shekara ashirin da huɗu ina soya wa mutane abin daɗi ta bayan gida. Na yi a Eluru, na yi a Bhimavaram. Su ci su lashe yatsa, in na fito su kau da kai. Ban taɓa cewa komai ba, don ba nawa ba ne. Amma wannan jikata ce. In zan yi mata, ƙofa a buɗe zan yi. Kuma ni zan ɗauki kwandon farko a kaina, in shiga da shi gidanki ta ƙofar gaba.”

“Vadina, kin san abin da kike faɗa kuwa? In Padmavati garu ta gan ki da kwandon nan, auren ne zai watse!”

“To ki je Rajahmundry, masu gilashi na nan.”

“Ni naki nake so!”

“Nawa da ni yake zuwa.”

Vasundhara garu ta juyo wurin Haima, ido jawur.

“Ke ce mai rumfa, ke kike ba ta aiki. Yi mata magana. In ta soya a ɓoye, ba wannan kaɗai ba, duk bikin da za a yi a danginmu naki ne. In ta ƙi, ni ba yadda zan yi, kuma kin san garin nan, gobe kowa zai ji wa ke kama miki mazarƙwaila.”

Haima ta sani sarai. Ta tuna wata huɗun da ta yi tana zarya kafin a ba ta takardar izinin sayar da abinci, da yadda ma'aikacin ke ce mata ta je ta zo da mijinta. Ta tuna awarwaron gwal ɗinta biyu da suka zama kasko da murhu. Kalma ɗaya za ta faɗa, ta san tsohuwar ba za ta iya ƙin ta ba, don ita kaɗai ta buɗe mata ƙofa lokacin da kowa ya rufe. Kuma ta san in ta faɗa, ba za ta ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Kanakamma ba ta roƙe ta ba, ko kallonta ba ta yi.

Haima ta sunkuya ta ɗauko sabon curin mazarƙwaila daga kwali, ta dire shi a gaban tsohuwar.

“Gari na bushewa, Peddamma. Nagamani, buɗe ƙofar titi.”

“Ɓari ɗaya?”

“Duka biyun.”

“Haimamma, Mavayyanki fa, surukin naki, na zaune a baranda da jarida, daga can yana hango har cikin kasko!”

“Na sani. Buɗe.”

Haske ya cika rumfar. Matar da ke shanya a gidan da ke kallon su ta tsaya da rigar miji a hannu. Kanakamma ta ɗaure gefen farin sarinta a ƙugu, ta ɗauki taɓarya ta fara fasa mazarƙwailar, hankalinta kwance.

Vasundhara garu ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce an fasa ba, ba ta ce a ci gaba ba. Jakarta ta buɗe ta ciro waya, ta danna, ta ƙara muryar yadda kowa zai ji.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. A na uku aka ɗauka.

“Vasundhara? Lafiya da hantsin nan?”

“Padmavati garu,” ta ce, idonta a kan hannun Kanakamma, “ki samu wuri ki zauna. Akwai maganar da ban faɗa miki ba game da garar nan.”